Aika agogon hannu zuwa ƙasar waje: nauyi kaɗan, asara babba

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai tsofaffin agogunan hannu da alhazai suka sayo a Makka ko Jidda, ko waɗanda ma'aikatan gomnati suka saya da albashinsu na farko: Seiko 5, wanda ya fito a 1963, ko Rado, Orient da Omega. Mafi yawansu ba su aiki da batir, kuma irin su ne masu sha'awar tara agoguna ke nema a Turai. A yau ana iya yin cinikin ta wayar salula cikin yini guda. Wahalar tana farawa ne daga lokacin da mai saye ya ce a aiko masa da kayansa.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Maraɗi ya sayar wa wani mazaunin Faransa agogo a kan yuro 400. Tun da yuro 1 daidai yake da sefa 655,957, kuɗin ya kama jika 262 da ɗoriya. Dukiyar jika 262 ke nan, a cikin abin da ake iya dunƙulewa a tafin hannu, za ta yi tafiyar fiye da kilomita 600 a mota zuwa Yamai, sannan ta hau jirgin sama, ta ratsa hannuwan mutanen da bai taɓa gani ba.

Kilo ake biya, ba daraja ba

Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, idan ƙunshi ya ɓace, diyyar da doka ta tanada ba ta duban darajar abin da ke ciki; nauyinsa take dubawa. Gidajen waya na duniya suna aiki ne da ƙa'idojin ƙungiyar UPU, wadda aka kafa a birnin Bern na Suwizalan a 1874. Ana lissafin diyya da DTS, ma'aunin kuɗi na Asusun ba da lamuni na duniya, wanda darajarsa ke kai-kawo kusa da sefa 800. Bisa waɗannan ƙa'idoji, ƙunshin da ba shi da asirans, wato inshora, diyyarsa ba ta wuce DTS 40, da ƙarin DTS 4,5 a kan kowane kilo, sai kuma a maido da kuɗin aikawa. Ƙunshi mai kilo 1 ya tashi wajen jika 35 ke nan.

Kamfanonin sufurin gaggawa irin su DHL sun fi sauri, sun kuma fi tsada, amma su ma ma'auninsu kilo ne. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta shafi kayan da ake ɗauka a jirgin sama, ta ƙayyade diyya a kan DTS 26 kowane kilo tun daga Disamba 2024. Ƙunshi mai rabin kilo ba zai samu fiye da wajen jika 10 ba. Mai buhunan albasa zai iya rage asara da irin wannan lissafi. Mai agogo kuwa ya tashi a tutar babu.

Saboda haka tambayar farko da ta kamaci mai aikawa, tun kafin ta farashi, ita ce ko ana karɓar agogo da asirans a kan cikakkiyar darajarsa, kuma iyakarta nawa. Ba tsakanin dukkan ƙasashe ne gidajen waya ke yin wannan hidima ba, kuma kamfanoni masu zaman kansu sukan sa agoguna da kayan ƙawa cikin jerin abubuwan da suke taƙaita diyyarsu. Amsar ta kasance a rubuce. Wasiƙa mai rajista, wadda aka daɗe ana saka ƙananan kaya a cikinta don rage kuɗi, taron UPU na birnin Riyad a 2023 ya yanke shawarar a keɓe ta ga takardu kawai.

Takardar duwan

Kowane ƙunshi mai fita ta gidan waya yana tafiya da takardar duwan: CN22 ga kayan da darajarsu ba ta wuce DTS 300 ba, CN23 ga waɗanda suka zarce haka. Agogon yuro 400 na CN23 ne. Ana rubuta ainihin abin da ke ciki, da kuɗin da aka saye shi, da lambarsa ta duwan: 9101 idan jikinsa na zinariya ne ko wani ƙarfe mai daraja, 9102 ga sauran. A haɗa da takardar ciniki mai ɗauke da sunayen mai saye da mai sayarwa.

A nan ne masu saye kan roƙi a rubuta "kyauta", ko a rage kuɗin. Dalilinsu a fili yake. Tun 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen da take yi wa kayan da ba su wuce yuro 22 ba, don haka duk abin da aka sayo daga waje yana biyan harajin TVA. A Faransa kashi 20 cikin 100 ne, kuma ana lissafa shi har da kuɗin aikawa: a ƙalla yuro 80 a kan wannan agogo, wato fiye da jika 52. Amurka ma ta dakatar da rangwamenta na dala 800 a ranar 29 ga Agusta 2025.

Amma wanda ya rubuta yuro 30 a kan agogon yuro 400, ya sa hannu ne da kansa a kan cewa kayansa yuro 30 ne. Ranar da ya ɓace, wannan takarda za a ɗauko. Idan kuma ƴan duwan suka buɗe suka ga saɓani, suna da ikon riƙe kayan da cin tara. Garin neman gira an rasa ido. Mafita ita ce a daddale tun wurin ciniki wanda zai biya harajin, don kada mai saye ya ƙi karɓa a maido da kaya.

Abubuwa uku kuma kan tsayar da agogo a hanya. Na jabu, ƴan duwan na Turai ƙwace shi suke yi. Maɗaurin fatar kada yana buƙatar takardar izini ta yarjejeniyar CITES ta 1973. Ya fi sauƙi a cire shi a sa wani. Agogon zamani mai batirin litiyom kuwa, ba kowane gidan waya ke da izinin sa shi a jirgi ba.

Ɗauri da shaida

Agogon da ba ya aiki da batir yana da ƙananan ƙarafa da bugu ɗaya kan iya lalatawa. A naɗe shi da abu mai laushi, a sa a ƙaramin kwali, a sa wannan a cikin wani, a cike gefuna har ya zamana ko an girgiza ba a jin motsi. Kada a rubuta sunan kamfanin agogon a bayan kwali.

Girman kwali ma kuɗi ne. Kamfanonin gaggawa sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5.000, su karɓi kuɗin wanda ya fi yawa tsakanin wannan da ainihin nauyi. Kwali mai 20 da 15 da 10 ya kama giram 600; mai 30 da 30 da 20 ya kama kilo 3,6, alhali agogon ɗaya ne. A nan ake samun rahusa ba tare da kasada ba.

Kafin a rufe, a ɗauki hoton agogon gaba da baya, da lambar da ke jikinsa. A adana rasit da lambar bin sawu. Ta gidan waya tana da baƙaƙe biyu, alƙaluma tara, da baƙaƙen ƙasa biyu a ƙarshe, NE ga Nijar. A kuma zaɓi hidimar da mai karɓa zai sa hannu.

Saƙon hannu da kuɗin hoto

Ba da saƙo a hannun matafiyi tsohuwar al'ada ce, kuma ita ce mafi araha. Sai dai rangwamen yuro 430 da Turai ke yi wa fasinjan jirgi na kayan kansa ne, ba na sayarwa ba. Idan saƙo ya salwanta, babu rasit, babu diyya, sai zumuncin da ya ɓaci.

Na ƙarshe shi ne biya. Hoton takardar banki da aka turo ta waya ba kuɗi ba ne. Mazambata sukan nuna sun biya fiye da farashi, su nemi a maido musu da rara, su kuma matsa a aika kayan a ranar. Kada agogo ya bar hannu sai kuɗin ya shiga asusu.

Ɗan kasuwar Maraɗi da ya sa kuɗin asirans da na bin sawu cikin farashinsa tun farko zai ga ribarsa ta ɗan ragu. Wanda ya ƙi, ya jingina jika 262 ne a kan diyyar jika 35.