Shari'ar Sukurat: An Bi Doka, Amma An Yi Adalci?

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum uku a birnin Atina na ƙasar Girka, wato Meletus da Anitus da Likon, suka kai ƙarar wani dattijo mai kimanin shekara 70. Sunansa Sukurat, masanin falsafar da ya ƙarar da rayuwarsa yana tare manya da matasa a kasuwa yana yi musu tambayoyi a kan gaskiya da nagarta. An tuhume shi da ƙin yarda da allolin da birnin ke bautawa, da shigo da baƙin ababen bauta, da ɓata tarbiyyar matasa. A yini guda aka saurari shari'ar, aka yanke masa hukuncin kisa. Abin da hujjoji suka nuna shi ne an bi ƙa'idar kotu sau da ƙafa, amma duk da haka an zalunci mutumin, domin laifin da aka rubuta a takarda daban, wanda ke cin zukatan masu hukunci daban.

Ta fuskar tsari, babu inda aka yi ha'inci. Atina ba ta da alƙali guda mai yanke hukunci. Kimanin 'yan gari 500 aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a, aka ba kowane ɓangare lokaci daidai, ana auna shi da agogon ruwa. Sukurat ya kare kansa da bakinsa, kuma a ruwayar almajirinsa Aflatun, da mutum 30 kacal sun sauya ra'ayi, da ya kuɓuta. Wannan ƙaramar tazara ta nuna cewa hujjar masu ƙara ba ta gamsar da jama'a da yawa ba. Ba a nuna wurin bautar da ya keta alfarmarsa ba, kuma da ya ƙalubalanci Meletus ya gabatar da iyaye ko 'yan'uwan matasan da aka ce ya lalata, ba a ji wanda ya fito ba, alhali da yawansu suna zaune a wurin.

To, me ya sa rinjaye ya koma kansa? Amsar tana cikin shekaru biyar da suka gabaci shari'ar. A 404 Atina ta sha kashi a hannun birnin Sparta bayan yaƙin shekara 27, aka rusa mulkin jama'a, aka ɗora wasu azzalumai 30 waɗanda suka kashe kimanin mutum 1,500 cikin 'yan watanni. Jagoransu Kritiyas ya taɓa zama a majalisin Sukurat, haka ma Alkibiyades, kwamandan da ya gudu ya haɗa kai da Sparta. Da aka maido da mulkin jama'a a 403, aka yi rantsuwar afuwa cewa ba za a tuhumi kowa da abin da ya wuce ba, in ban da shugabannin zaluncin. Anitus kansa yana cikin waɗanda suka yi gudun hijira a zamanin azzaluman. Tunda afuwa ta toshe ƙofar tuhumar siyasa, sai aka biyo ta ƙofar addini, aka bar jaki ana dukan taiki. Bayan sama da shekara 50, wani mai jawabi a kotun Atina mai suna Eskines ya faɗa ƙarara cewa an kashe Sukurat ne saboda ya karantar da Kritiyas.

Mai kare Atina zai ce tsoron da mutanen ke ciki na gaske ne, kuma Sukurat bai ɓoye rainin da yake yi wa naɗa masu mulki ta hanyar ƙuri'a ba, bai kuma bar gari ba lokacin da azzaluman ke mulki. Haka ne, amma aikinsa ya fi ra'ayinsa bayyana ko shi wane ne. Ya yi wa birnin yaƙi a Potidiya da Deliyum da Amfipolis. Da azzaluman suka umarce shi tare da mutum huɗu su kamo wani mutum mai suna Liyon na Salamis don a kashe shi, sauran suka tafi, shi kuwa ya kama hanyar gidansa. Malami yana ɗaukar alhakin abin da ya koyar, amma ba a kawo shaidar cewa ya koyar da kisa ko cin amanar gari ba.

Wani kuma zai ce shi ya jawo wa kansa. Doka ta ba wanda aka kama da laifi damar gabatar da hukuncin da ya ga ya dace da shi, kuma da ya nemi a kore shi daga gari, mai yiwuwa da an amince. Maimakon haka sai ya ce abin da ya cancanta shi ne a riƙa ciyar da shi kyauta daga baitulmali kamar gwarzayen wasanni, kafin daga baya ya yarda da tarar da abokansa suka tsaya masa. Babu shakka wannan ya harzuƙa masu hukunci. Sai dai taurin kai a gaban kotu ba ya mayar da tuhumar da ba a tabbatar ba ta zama tabbatacciya, kuma hukuncin da fushi ya haifa shi ne ainihin abin da aka kafa kotu don a guje masa.

Akwai kuma masu kafa hujja da cewa ya miƙa wuya: abokinsa Krito ya shirya masa hanyar tserewa a cikin kusan wata guda da ya yi a kurkuku, ya ƙi, ya sha gubar da aka miƙa masa. Amma dalilin da ya bayar shi ne ba a rama zalunci da zalunci, kuma bai taɓa amsa laifin ba. Gaskiya ne mafi yawan labarin ya zo mana ta hannun Aflatun da Zenofon, masoyansa, don haka dole a rage wani abu daga yabonsu. Ko an rage, abu biyu suna nan: afuwar 403 ta haramta hukunta shi a kan Kritiyas, kuma tuhumar da ta saura ta ta'allaƙa ne a kan maganganunsa. Birnin da ya saurari waɗannan maganganu shekara da shekaru bai ga dalilin kisa a cikinsu ba, sai da ya sha kashi a yaƙi.