In Fankar Lagireto Ta Ƙi Juyawa

Duk wanda ya ke bin hanyar Suleja zuwa Zuba ya san yadda motoci su kan cushe a Madalla, musamman ranar kasuwa. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da rana ta ke ƙuna, da wuya ka wuce gindin Dutsen Zuma ba ka ga mota a gefen titi an ɗaga bakinta tana tururi ba. Na so in yi wa 'yan'uwana malamai bayanin abin da ya kan jawo wannan, domin mafi yawa laifin fanka ne.

Ga yadda za ka gane. In mota tana gudu a sarari, iska da kanta ta ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwa. In ta tsaya cikin cunkoso kuwa, sai fanka ta ja iskar. Saboda haka motar da allurar zafinta ta ke hawa a tsaye, ta kuma sauka in an kama gudu, fankarta ce ba ta aiki. Motocin da, bel ne ya ke juya fankarsu. Yawancin ƙananan motocin yanzu, irin su Golf da Corolla, lantarki ne.

To, lantarki ba ya tafiya sai hanyarsa ta zagayo ta haɗu, kamar dai yadda mu ke koya wa yara da batirin tocila da ƙwai. Wuta ta kan tashi daga batir mai volt 12, ta bi ta fis, ta ratsa rile, ta shiga motar fanka, sa'an nan ta koma ta jikin ƙarfen mota. Rile shi ne makunni, amma ba ya kunnawa sai ma'aunin zafi ya ba da labari cewa ruwa ya kusa digiri 100. Ko'ina hanyar nan ta yanke, fanka ta tsaya ke nan.

Ni a kullum da fis na kan fara, don shi ne mai araha, galibi mai lamba 30 ko 40. In ya ƙone a sa irinsa daidai. In sabon ya sake ƙonewa nan take, watau akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko motar fankar ta cije. Kada ka yarda a naɗa masa zaren waya a madadinsa. Fis an yi shi ne don ya ƙone a maimakon mota.

In fis lafiya lau ne, kunna na'urar sanyaya ɗakin mota, in akwai. A motoci da yawa wannan ya kan ta da fanka ko inji bai yi zafi ba. In ta juya, lalle motarta da rai, sai a tuhumi ma'aunin zafi ko wayarsa. In ta yi shiru, ciro rile ka musanya shi da wani mai kamarsa a cikin akwatin, misali na ham. In har yanzu shiru, zare soket ɗin fanka ka ja waya biyu daga batir kai tsaye, na ɗan lokaci kaɗan. Fankar da ta ƙi motsi a haka ta mutu. Wadda ta juya kuwa, laifin yana cikin waya, sau da yawa ma tsatsa ce kawai a inda wayar komawa ta ke ɗaure da jikin mota. A kwance notin a kankare.

Akwai abin da ba na goyon baya. Waɗansu masu gyaran waya, don gudun bincike, sai su haɗa fanka ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota har kashe ta, wani lokaci ma ba fis. Gaskiya ne za ta kai ka gida. Amma motar fankar za ta gaji da wuri, da safiyar hunturu kuma inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta shan mai a banza, ainihin cutar kuwa tana nan ba a taɓa ta ba.

Ka kiyaye yatsunka, domin wata fankar ta kan tashi da kanta ko an kashe inji. Kada kuma ka buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan ciki a matse ya ke, zafinsa ya kan wuce digiri 100 bai tafasa ba, da ka murɗa murfin sai ya yi tsiri ya watsu a fuska. A jira kamar rabin sa'a tukuna.