Hunturu a Jos: Abin da ke hana hita da kaskon wuta ɗumama ɗaki

Birnin Jos na zaune ne a kan tsauni mai tsayin sama da mita 1,200 daga saman teku, shi ya sa sanyinsa ya sha bamban da na sauran biranen Arewa. Daga Disamba zuwa Janairu, ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 11 da asuba, wani lokaci ma ƙasa da haka. A unguwanni masu cunkoso irin su Gangare, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, magidanta sun dogara ne ga hitar lantarki ko kaskon gawayi. Sau da yawa akan kunna su amma ɗaki ya ƙi ɗumi, alhali akwai jarirai da tsofaffi a ciki.

Ƙarfin wutar lantarki

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ƙarfin wutar da ke shigowa gida. An ƙera hitocin da ake sayarwa a Najeriya ne don aiki da bolt 220 zuwa 240. Idan wuta ta zo da rauni, zafin hita kan ragu fiye da yadda wutar ta ragu. Hita mai wat 2,000 da ta samu bolt 180 a maimakon 230, abin da za ta bayar bai wuce kusan wat 1,200 ba. Alamar hakan ita ce ƙwan lantarki ya dushe, fanka ta riƙa jan jiki. Hitar lafiyarta ƙalau, don haka Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos ya kamata a kai wa ƙorafi. Ƙaramin janareta mai ƙasa da wat 1,000 kuwa ba zai ɗauke ta ba sam.

Soket da waya

Irin wannan hita tana jan amfiya kusan 9, yayin da filogin gida ke ɗaukar 13. Haɗa hita biyu a soket ɗaya, ko jona ta da siririyar wayar ƙari, kan ƙona fiyus ko ya narkar da roba. Duk filogin da ya yi zafi, ya yi baƙi, ko yake warin ƙuna, a daina amfani da shi har sai mai gyaran wuta ya duba, domin daga nan gobara ke somawa.

Ƙurar hunturu

Hita mai fanka tana zuƙar iska ta baya. Idan ƙura ta toshe ragar, cikinta kan ɗau zafi fiye da kima, sai ta kashe kanta bayan 'yan mintuna. Maganinsa a zare ta daga wuta, a bari ta huce, a goge ragar da busasshen buroshi. A kuma tabbatar an murɗa makunnin daidaita zafi, kuma tana zaune daram, domin wasu ba sa kamawa idan sun karkace. Idan sanda ɗaya ta yi ja, ɗaya ta ƙi, to wadda ta ƙi ta ƙone, sai a sauya ta.

Kaskon gawayi

Abubuwa biyu ne suka fi hana kasko zafi: ɗanyen gawayi ko wanda ya sha raɓa, da tokar da ta toshe ramukan iska. A zubar da toka, a hura busasshen gawayi a tsakar gida har ya zama jan garwashi.

Babban hatsarin yana nan. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana kuma hana jini ɗaukar iskar shaƙa. Garwashin da ya daina hayaƙi ma yana ci gaba da fitar da ita. Saboda haka rufe ƙofa da taga ruf don a riƙe ɗumi ganganci ne. Ba a shiga da kasko sai taga na buɗe, ba a kuma kwana da shi a ɗaki ko kaɗan. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala da suka kama mutanen ɗaki lokaci guda alamun guba ne. A fitar da kowa waje nan take, a garzaya asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

Ɗakin kansa

Wani lokaci laifin na ɗakin ne. Rufin kwano maras silin kan bar ɗumi ya tsere ta sama, daɓen siminti kuma na zuƙe shi ta ƙasa. Shimfiɗa darduma, rataya labule mai kauri da toshe ƙasan ƙofa na taimaka wa hitar lantarki ƙwarai. A ajiye ta aƙalla mita ɗaya nesa da katifa da labule, kada a shanya tufafi a kanta, a kuma kashe ta kafin barci, a bar wa bargo da rigar sanyi sauran aikin dare.