Hunturu a Cikin Mota: Shin Ya Dace a Kai Yara Zangon Ƙanƙara?

Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu, idan dusar ƙanƙara ta lulluɓe manyan duwatsun yammacin Amurka da Kanada, garuruwan da ke gindinsu sukan cika maƙil da masu zuwa wasan zamiya. Yawancinsu kwana biyu ko mako guda suke yi a otel su koma gida. Amma akwai iyalan da ke yin abin da mai jin labari daga nesa zai kira ganganci: su kwashi 'ya'yansu su shiga irin motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, wadda Amurkawa ke kira RV, su kafa ta a zangon da aka tanada wa irinta, su zauna har ƙanƙara ta narke. Zangunan da ke buɗewa da hunturu ba su da yawa, amma akwai su, kamar Tiger Run da ke kusa da garin Breckenridge a jihar Kolorado, da na Mammoth Lakes a Kalifoniya, da na Tunnel Mountain a Banff ta Kanada. A ganina wannan zama yana iya amfanar yaro ƙwarai, bisa sharaɗi guda mai nauyi. Dole iyaye su gane cewa babban haɗarin ba a kan dutse yake ba. A cikin motar yake, a iskar da yaran ke shaƙa da dare da kuma ɗumin da ke riƙe da ita.

Mu fara da abin da ke jan mutane. A manyan wuraren zamiya irin su Vail, tikitin rana ɗaya a lokacin cunkoso ya haura dala 250. Amma tun da kamfanin Vail Resorts ya fito da tikitin shekara mai suna Epic Pass a 2008, abokan gasarsa kuma suka biyo da Ikon Pass a 2018, wanda ya saya da wuri yana biyan dala dubu ɗaya da ɗoriya ya yi ta zamiya har ƙarshen lokaci. Wasan ya yi sauƙi ga mai yawan zuwa, sai dai wurin kwana ya yi tsada. Haya a waɗannan garuruwa ta fi ƙarfin matsakaicin iyali, wanda kuma ya zaɓi zama a Denver yana tasowa kullum zai sha tafiyar kusan kilomita 130 zuwa Breckenridge a kan babbar hanyar I-70, wadda ke cushewa a ƙarshen mako. Motar kwana ta kawo iyali gindin dutse. Yaron da ke zaune a nan yana iya fita awa biyu da safe ranar Talata, lokacin da babu layi, ya dawo ya ci abinci ya yi karatu. Koyon zamiya yana son maimaici kaɗan kaɗan, kuma wanda ya yi awa biyu sau hamsin ya fi wanda aka gajiyar da shi yini biyar a jere nesa ba kusa ba.

Sai dai ba a ƙera yawancin waɗannan motoci domin hunturun kan dutse ba. Bangonsu bai wuce kaurin santimita biyar ba, tagoginsu galibi gilashi ɗaya ne, ƙasansu kuma a sarari yake, iska na ratsawa dare da rana. Ruwa yana daskarewa a digiri sifiri, kuma idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, abin da ya isa ya fasa bututu ko famfo. A Breckenridge daren Janairu yakan sauka ƙasa da sifiri da digiri goma sha biyar ko fiye. Don haka masu wannan zama suke zagaye ƙasan motar da shinge na leda mai kauri ko allon soso domin tare iska, su yi amfani da tiyon ruwa mai waya a jiki da ke ɗumama shi, su kuma bar bakin tankin bayan gida a rufe sai ya cika su zubar gaba ɗaya, domin idan aka bar shi yana ɗiga, bututun zai toshe da ƙanƙara. Wannan aiki ne na kullum, ba na rana ɗaya ba.

Lissafin ɗumi shi ne ke nuna ko iyali ya shirya. Na'urar ɗumama irin wannan mota da gas take aiki, kuma matsakaiciyarta tana cin fiye da lita ɗaya a kowace awa da take kunne. Tukunyar gas mai nauyin kilo 13 da ɗoriya takan ba ta kusan awa ashirin da ɗaya, tirelolin kwana da yawa kuma guda biyu suke ɗauka. Idan sanyi ya tsananta har na'urar tana aiki rabin yini, tukwanen biyu za su ƙare cikin kwana uku zuwa huɗu. Shi ya sa masu hankali ke hayar babban tanki a ajiye a gefen mota. Wani zai ce a koma wa hitar lantarki mana, tunda zangon yana ba da wuta. To, layin da ya fi yawa mai amfiya 30 ne, wanda ke ba da wat 3,600 kawai. Hita biyu masu wat 1,500 sun kusa cinye shi, da zarar an kunna butar shayi wuta ta ɗauke. Akwai kuma tarkon da sababbin zuwa ke faɗawa: a motoci da yawa na'urar gas ɗin ce ke hura ɗumi zuwa ƙasan mota inda tankuna da bututu suke. Idan hitar lantarki ta ɗumama ɗaki, na'urar gas ba za ta tashi ba, sai mutane su kwana cikin ɗumi, bututunsu na daskarewa a ƙarƙashinsu.

Duk wannan asarar dukiya ce, ana iya gyarawa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne gubar iskar kabon monoksayid, wadda ke fitowa idan gas ko gawayi ko fetur bai ƙone sosai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu ko sama da haka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce fiye da mutum 400 ke mutuwa a ƙasar duk shekara sakamakon shaƙarta bisa kuskure, ban da na gobara. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san wannan musiba ko da bai san sunanta ba, domin ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko an shigar da janareta cikin gida. A motar kwana hanyoyinta uku ne sanannu: dusar ƙanƙara ta taru ta toshe bututun da na'urar ɗumi ke fitar da hayaƙi, ko a kunna murhun girki domin jin ɗumi, ko hayaƙin janaretan maƙwabci ya shigo ta ƙasan mota. Ɗakin ƙarami ne, gubar tana cika shi da sauri, yara kuma sun fi manya saurin numfashi, don haka ta fi saurin kama su.

Tsayin wurin yana ƙara dagula lamarin, kuma a nan ne nake ganin iyaye da yawa ba su yi zurfin tunani ba. Breckenridge tana kan tsayin kusan mita 2,900 daga teku, inda kowane numfashi ke kawo kimanin kashi 70 cikin ɗari na oksijin da ake samu a bakin teku. Daga mita 2,500 zuwa sama mutane sukan yi ciwon tsauni a kwanakin farko: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Alamomin gubar kabon monoksayid ma kusan su ne waɗannan. Uwa na iya ganin ɗanta yana amai da ciwon kai ta ce ai tsayin wuri ne, zai saba, alhali iskar ɗakin ce ke cin sa. Ƙaramin yaro ba ya iya bayyana abin da yake ji, sai dai kuka da ƙin abinci. Saboda haka na'urar ƙararrawar da ke gano wannan guba ba kayan ado ba ce. A samu biyu, ɗaya kusa da gadon yara, a duba batirinsu da ranar ƙarewar aikinsu, a kuma share bakin bututun hayaƙi duk lokacin da ƙanƙara ta zuba, ko da tsakar dare ne. Idan mutanen ɗaki sun tashi da ciwon kai tare, kuma ya lafa bayan sun fita waje, a fita da yaran nan take a nemi likita.

Akwai kuma danshi. Numfashin mutum huɗu da tururin girki da jiƙaƙƙun kayan zamiya suna zuba ruwa mai yawa cikin iskar ɗan ƙaramin ɗaki. Ruwan yana kwanciya a jikin gilashi da bango mai sanyi, ya taru ƙarƙashin katifa, ya haifar da fumfuna, wadda ke tayar da asma. Maganin yana da wuyar karɓa ga wanda ke jin sanyi: a bar kafar rufi a ɗan buɗe, a kunna na'urar tsotse danshi, a riƙa ɗaga katifa ta sha iska.

To, idan wahalar ta kai haka, me ya sa ban ce a haƙura ba? Domin duk haɗarin da na lissafa sananne ne, yana da magani sananne, kuma maganin a hannun iyaye yake. Masu suka sun fi kafa hujja da karatu, suna cewa za a raba yaro da makaranta wata biyar saboda wasa. Wannan damuwa tana da tushe. Sai dai koyar da yara a gida halal ne a dukkan jihohin Amurka hamsin, kowace da ƙa'idarta. Kolorado, alal misali, tana buƙatar a sanar da hukumar ilimi kwana 14 kafin a fara, a kuma yi karatu na kwana 172 a shekara, kimanin awa huɗu a rana, tare da gwajin yaro a wasu azuzuwa. Iyalin da ya zauna wuri guda duk hunturu yana ma iya sa yaransa a makarantar garin. Inda na yarda da masu suka shi ne a kan ɗan sakandare, wanda ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da malaman darussa daban daban da abokan da ya shaƙu da su. Ɗan shekara bakwai zai iya koyon lissafi a teburin mota. Ɗan shekara goma sha shida sai an tambaye shi, kuma idan ya ce a'a, a ji maganarsa.

Suka ta biyu ita ce ƙunci da kaɗaici. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma a Disamba, iyali kuma zai shafe dogon dare a fili da bai fi ɗaki ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma zango da hunturu ba ya cika da yara kamar lokacin zafi. Amma waɗannan garuruwa suna da ɗakunan karatu da cibiyoyin motsa jiki masu wurin ninƙaya, ga ƙungiyoyin koyar da yara zamiya da ke haɗa su da sa'o'insu duk mako. Iyalin da ya ɗauki motar a matsayin wurin kwana da cin abinci, ya ɗauki garin a matsayin sauran gidansa, ba zai ji ƙuncin sosai ba. Wanda ya kulle kansa a ciki zai gaji kafin Fabrairu. Batun arha kuwa, kada a yaudari kai: idan aka haɗa kuɗin fili na wata da gas da wuta da shingen ƙasa da tayoyin ƙanƙara, ragin da aka samu bai kai yadda ake zato ba. Ribar wannan zama lokaci ne da kusanci, ba kuɗi ba.

Akwai magana ɗaya da bai kamata a tsallake ba. A garuruwan nan, mutanen da ke tuƙa injinan hawa dutse da masu wanke kwanuka a otel da masu share ɗakuna, da yawansu ba sa iya biyan haya, wasu kuma a mota suke kwana ba da son ransu ba. Dokar Amurka ta McKinney-Vento, wadda aka kafa a 1987, tana lissafa yaron da ke zaune a zango saboda iyayensa sun rasa matsuguni mai kyau cikin marasa gida, ta kuma wajabta wa makarantu su karɓe shi. Motoci biyu na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, yaran ciki suna jin sanyi iri ɗaya, amma iyali ɗaya yana da gidan komawa da kuɗin otel idan na'urar ɗumi ta lalace da ƙarfe biyun dare, ɗayan ba shi da su. Duk abin da na faɗa na goyon baya a kan iyali na farko yake. Halin na biyu matsalar gidaje ce da ke wuyan hukumomin garuruwan da kamfanonin da ke cin ribar guminsu, kuma bai dace a yi mata kwalliya da sunan yawon buɗe ido ba.

Don haka iyalin da ke da motar da aka shirya wa sanyi, da ƙararrawa mai aiki, da gas na ajiya, da tsarin karatu a rubuce, da kuɗin da za su kama ɗaki duk daren da ɗumi ya yanke, su tafi, yaransu za su ƙaru. Wanda ya rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan, musamman ƙararrawa da wurin gudu, ya jira wata shekarar, ko ya kai yaran na mako guda su kwana a gini.