Idan uwa ko uba ya samu taɓin hankali, wa zai riƙe yaro?

Taɓin hankali ciwo ne kamar sauran cututtuka. Yana kama namiji, yana kama mace, kuma yana da magani. Amma idan ya shiga gida, sau da yawa hankalinmu yakan koma kan maras lafiya, mu manta da yaran da ke hannunsa.

Mu ɗauki misalin mai jego. A cikin mata 1000 da suka haihu, 1 ko 2 sukan samu ruɗewar hankali mai tsanani, galibi a sati 2 na farko. Mace ta daina barci, tana jin muryoyin da wasu ba su ji, ko ta ƙi jinjirinta. Wannan ciwo ne na gaggawa. Kada mu ɗaure ta, kada mu doke ta. Mu kai ta likita a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jinjiri. A babbar asibitin Yamai da ta Damagaram akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar ciwon ta nono, amma mu tambayi likita ko maganin da ya ba ta ya dace da shayarwa.

Me doka ta ce?

A shekarar 1990 ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin yara. Yarjejeniyar ta ce ba a raba yaro da iyayensa sai idan rabuwar ita ce alheri gare shi. A 1999 aka kafa alƙalan yara, a 2014 kuma aka yi sabuwar doka kan aikinsu. Alƙalin yara yana sa baki idan lafiyar yaro, ko tsaronsa, ko tarbiyyarsa suna cikin haɗari.

Ciwon uwa ko na uba shi kaɗai bai isa a ɗauke yaro ba. Alƙali halin yaron yake dubawa: yana samun abinci? Ana kai shi likita? Yana zuwa lakwal? Akwai babba mai lura da shi? Yakan aiki ma'aikatan kare yara su ziyarci gidan, ya kuma saurari iyaye da dangi. Daga nan yana iya barin yaro a gida ana bin sawunsa, ko ya damƙa shi ga wani dangi ko amintaccen mutum. Idan hali ya canza, ana iya sake duba hukuncin.

Abin da ya rage gare mu

Tun kafin magana ta kai gaban alƙali, dangi su zauna su zaɓi mutum ɗaya, kaka ko gwaggo ko inna, wanda riƙon yaron zai zama a wuyansa. Wani kuma ya kula da shan maganin maras lafiya, domin barin magani da wuri yana maido da ciwon. Mu adana takardun likita da takardar haifuwar yaro. Mu bar yaro ya riƙa ganin mahaifiyarsa, mu kuma gaya masa gaskiya: ba ta da lafiya ne, ba laifinsa ba ne.

Idan muka ga yaro a yashe, mu sanar da mai gari ko ma'aikatan kare yara. Yin haka ceton yaron ne, ba tonon asirin gida ba.