Baturen da Kotunan Najeriya Suka Gaji Dokar Shaidarsa

Duk lauyan Najeriya da ya taɓa haddace sassan Dokar Shaida ya sha daga rijiyar wani Bature da ya rasu tun 1894, ko da bai san sunansa ba. Shi ne James Fitzjames Stephen, haifaffen Landan a 1829, wanda ya fara aikin lauya a 1854.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne dokar Ingila ba a tattare take wuri guda ba. Tana warwatse cikin hukunce-hukuncen alƙalai na ɗaruruwan shekaru, kafin mutum ya san matsayinta kan magana ɗaya sai ya tone littattafai jibgi. Stephen yana so a rubuta ta a kundi, sashe bayan sashe.

Indiya ce ta ba shi dama. A 1869 aka naɗa shi mai kula da harkar doka a majalisar Gwamna Janar. Can babu zaɓaɓɓun wakilai da za su ja da shi, don haka a 1872 dokar shaidar da ya tsara, mai sashe 167, ta wuce. Ta yi ƙarko kuwa, don sai a 2024 Indiya ta sauya ta. To amma rashin mai ja ɗin nan ne ya sa a zamaninsa aka yi dokar 1871 da ta lissafa ƙabilu sukutum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, tabon da masu yabonsa kan tsallake.

Da ya koma gida ya tsara wa Ingila kundin dokar laifuka, aka kai majalisa, aka yi ta jan ƙafa har maganar ta bi ruwa. Kanada ce ta gina nata kundin na 1892 a kansa. Shi kuma aka ba shi alƙalanci a 1879, ya ajiye a 1891 bayan hankalinsa ya fara rauni, ga kuma sukar da ya sha kan yadda ya gudanar da shari'ar wata mata mai suna Florence Maybrick.

Littafinsa na 1876 kan ƙa'idojin shaida shi Turawan mulkin mallaka suka ɗauko suka yi wa Najeriya doka a 1943. Da ita kotuna suka yi aiki, da ƴan gyare-gyare, har aka yi sabuwa a 2011.