Matoshin Jikin Inji: Ƙaramin Ƙarfe Mai Kwantar Da Babbar Mota

Idan tsohuwar babbar mota ta fara shan ruwa, kullum sai an ƙara mata a lagireto, abin da ake fara zargi shi ne lagireton kansa, ko tiyo, ko famfon ruwa. Sau da yawa a duba su duka a tarar lafiya lau, amma ruwa bai daina raguwa ba. To a nan ya kamata a sunkuya a leƙa jikin bulok ɗin inji, musamman ƙarƙashin bututun hayaƙi. Akwai wasu zagayayyun ƙarafa da aka dasa a jikinsa, galibi faɗinsu tsakanin santimita 2 ne zuwa 6. Idan aka ga jan layin tsatsa ya gangaro daga ɗayansu, ko gefensa yana naso, an gano inda gizo ke saƙar.

Waɗannan matosai sun samo asali ne daga yadda ake ƙera inji. Bulok ɗin tsofaffin motoci irin su Marsandi 911 mai injin dizal OM352, ko a-kori-kurar Peugeot 504 haɗin Kaduna, zubin baƙin ƙarfe ne. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyon ya ga yadda ake danne yashi a fitar da siffa, a kwarara narkakken ƙarfe, in ya huce a fasa yashin. Haka ake zubin bulok, sai dai shi a cikin cikinsa akwai hanyoyin da ruwa zai riƙa zagaya silinda. Don a samu waɗannan hanyoyi sai a sa curin yashi a tsakiyar zubin, a bar ramukan da za su riƙe shi, waɗanda kuma ta nan za a kakkaɓe yashin daga baya. In an gama, sai a gyara bakin ramukan a buga musu matosai. Injin Chevrolet 350 na Amurka, alal misali, yana da guda 8: biyu a kowane gefe, biyu a gaba, biyu a baya.

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, ƙanƙara takan ture matoshin ya fito, domin ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. Shi ya sa wasu suka ɗauka don kare inji daga fashewa aka yi shi, alhali bulok yakan tsage ko da matoshin ya fita. Mu nan ƙanƙara ba ta cikin damuwarmu. Tsatsa ce ke cin namu.

Dalili kuwa a bayyane yake. Da yake ba ma tsoron daskarewa, yawancin direbobi ruwan da ya samu suke ɗura wa lagireto, na rijiya ne ko na famfo ko na rafi. Amma ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a jarka ba don sanyi kaɗai aka yi shi ba, akwai sinadaran hana tsatsa a cikinsa. Zallar ruwa, ga zafi ga iska, cin ƙarfe yake yi dare da rana. Bangon bulok yana da kauri, zai jure shekaru, shi kuwa matoshi fallen ƙarfe ne mara kauri, don haka shi ne farkon hujewa. Ƙari a kan haka, laka da garin tsatsa sukan kwanta a bayansa su riƙe danshi. Daga ciki yake ruɓewa, saboda haka ranar da aka ga ɗigo a waje, cikinsa ya riga ya gama ci.

Wannan ne ya sa liƙe shi da gam daga waje ba ya ɗorewa. Murfin lagireto yana riƙe matsin da ya kai kusan bar 1 a ma'aunin matsi, wanda ke hana ruwa tafasa sai ya doshi digiri 120, kuma wannan matsi ne ke tura ruɓaɓɓen matoshi. Ramin da yau yake kamar bakin allura, gobe a kan hanya da cikakken lodi yana iya ɓarkewa ruwa ya tsiyaye cikin 'yan mintoci. Abin tsoron shi ne, idan ruwa ya ƙare, allurar zafi ba lallai ta nuna gaskiya ba, domin na'urar da ke auna zafin ba ta cikin ruwa kuma. Kafin direba ya farga gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, ko ma inji ya buga.

Canza matoshin ba ya buƙatar manyan kayan aiki, sai dai haƙuri. A bari inji ya huce sarai, a juye ruwan, a kwance duk abin da ya tare hanya, kamar sitata ko bututun hayaƙi. Sai a ɗora kurfi a gefe ɗaya na matoshin, ba tsakiya ba, a buga da guduma har ya juya ya karkace a cikin raminsa, sannan a kama shi da filaya a zaro. Idan ya faɗa ciki, kada a ce a bar shi, a lallaɓa a fito da shi, don zai iya tare hanyar ruwa. Kada kuma a zura kurfi da ƙarfi, bangon silinda yana nan kusa a baya. Haka nan a kiyaye kartar bakin ramin, domin ko sabon matoshi ba ya toshe rami mai zane.

Tun da rami yana buɗe, dama ta samu ta wanke lakar da ta taru da tiyon ruwa mai ƙarfi. Daga nan a goge bakin da sandifefa mai laushi har ya yi haske, a shanya shi. A auna ramin a sayo daidai girmansa, ban da kintace, don bambancin milimita 1 ya isa ya sa matoshi ya ƙi shiga ko ya ƙi zama. Idan an samu na tagulla ya fi, shi ba ya tsatsa. A shafa man liƙe gasket kaɗan a gefensa, a nemi soket da ya shige cikin kwarminsa ba tare da ya matse ba, a riƙa bugawa a hankali ana lura yana tafiya a miƙe, har leɓensa ya ɗan shige bakin ramin. Wanda ya shiga a karkace a cire shi a jefar. Akwai kuma mai siffar faifai mai ɗan tudu: shi ana zaunar da shi ne tudun yana kallon waje, a bugi tsakiyarsa ya baje ya kama. Na roba mai noti, wanda ake ɗaurewa ya kumbura, na fitar kunya ne a kan hanya, a canza shi da zarar an isa gareji.

Inda aikin ke da nauyi shi ne matosan baya. Idan ruwa yana ɗiga daga tsakanin inji da giyabos, sai an sauke giyabos da kuloci da fulawil kafin a kai gare su. Kuɗin aikin ya ninka kuɗin matoshin sau da yawa. Saboda haka duk lokacin da aka sauke giyabos don canza kuloci, ko aka fito da inji don sa ringi, mai mota ya ce wa bakanike ya canza su gaba ɗaya. Shekarunsu ɗaya, ruwa ɗaya suka sha, in ɗaya ya huje sauran ma suna hanya.

Bayan an ɗaura komai, a cika ruwa, a tayar da inji ya yi zafi iskar da ta maƙale ta fita, a sake leƙa kowane matoshi. Sannan a sauya hali, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. A riƙa zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Idan mai kauri ne da ake sirkawa, a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir (ba asid ba), a kuma juye shi a sa sabo kamar duk shekara 2, domin sinadaran hana tsatsar suna ƙarewa. A kula da inda ake ajiye shi da inda ake zubar da tsohon: yana da zaƙi a baki amma guba ne mai lalata ƙoda, kada yara ko dabbobi su kai gare shi. Mai motar da ke ganin jarkar ta yi tsada, ya tambayi kuɗin gasket da wankin kan silinda, ya haɗa da kwanakin da mota za ta yi a kwance ba lodi, sannan ya yanke shawara.